Lauya na nema, Turanci aka ba ni

Assalamu alaikum Anti. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali? Ni yarinya ce 'yar shekara 20, a Tudun Wada nake zaune da iyayena a nan Kaduna. Sau uku ke nan ina zana JAMB ina neman karatun lauya. Karo biyun farko ko sunana bai fito ba. Bana Allah ya sa ya fito, amma da na duba sai na ga Turanci aka ba ni. Tun daga ranar gidanmu ba daɗi. Baba ya ce, "Wane Turanci kuma? Ba shi kike karantawa tun firamare ba? In yi shekara huɗu ina biyan kuɗi don ki fito ki riƙe alli?" Shi tun da masaƙar da yake aiki a Kakuri ta rufe ɗinki yake yi, ga shi mu bakwai ne, ni ce babba. Kawuna ya ce in haƙura in sake zama baɗi, wai kuma littattafan da ake karantawa a wannan sashen suna ɓata tarbiyya. Wata ƙawata ta ce in shiga kawai, in na gama aji ɗaya sai in canza zuwa lauya. Umma ba ta ce komai ba, amma na san zamana a gida ya dame ta, don sa'o'ina wasu suna aji uku, wasu suna ɗakin mazajensu.

Gaskiya Anti ba wai na ƙi jinin Turancin ba ne. Ina son karatu. Littattafan Hausa kam ban san iyakar waɗanda na karanta a waya ba, har ina ɗan rubuta nawa labarin a ɓoye. A WAEC ma adabin Turanci na fi ci. Sai dai ina jin kunyar yin Turanci a cikin mutane, harshena sarƙewa yake yi, kuma ina tsoron in gama in rasa aiki in zama abin nuni a dangi. Don Allah ki ba ni shawara, in karɓa ko in sake zama?

Ɗiyarki, daga Tudun Wada.

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ba zan ja ki da nisa ba: ki karɓa.

Amma karɓa iri biyu ce. Akwai wanda yake shiga sashen Turanci kamar wanda ruwa ya kora rumfar wani, ƙafa a ciki, ido a kan hanya, jira kawai yake a ɗauke ya wuce. Irin wannan zai yi shekara huɗu ya fito da takarda, amma a ce ya rubuta wasiƙar neman aiki mai shafi ɗaya sai gumi ya karyo masa. Ba wannan karɓar nake so miki ba. Ni ma karatun nan na yi, na koyar da shi a sakandare shekaru masu yawa a garin nan, yau kuma da fassara da gyaran rubutun mutane nake cin abinci. Na ga waɗanda digirin nan ya yi wa rana, na ga waɗanda suka riƙe shi kamar ba su riƙe komai ba, kuma ajinsu ɗaya, malamansu ɗaya.

Abin da ya sa ban yi shakkar ce miki ki karɓa ba yana ƙarshen wasiƙarki, a wurin da kika faɗe shi kamar mai amsa laifi: kina karatu ba ji ba gani, kina rubutu a ɓoye. Da cewa kika yi littafi barci yake sa ki tun a shafi na uku, da na ce ki bar musu gurbinsu ki nemi wani abin. Wannan karatu na masu son karatu ne, ba shi da wata dabara da ta wuce haka.

Bari in fara sallamar ƙawarki, don maganarta ita ce mai daɗin ji kuma ita ce mai haɗari. Karatun lauya ba kamar sauran ba ne. Majalisar da ke kula da ilimin lauyoyi ta ƙasa ita take yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, saboda daga baya duk makarantar horar da lauyoyi za su nufa, ita kuwa gurabenta ƙidayayyu ne. Shi ya sa aka turo ki Turanci tun farko, ba lalle don kin gaza ba, masu nema ne suka fi gurbi yawa. To tsangayar da ta rasa inda za ta sa ki bana, yaya za a yi baɗi ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya gama aji ɗaya a wani sashen? Akan dace jefi-jefi, amma kada ki ɗora rayuwarki a kan jefi-jefi. Na san waɗanda suka yi zaman jiran canjin nan har aji biyu, canji bai zo ba, makin aji ɗaya kuma ya riga ya lalace saboda zuciyarsu ba ta wurin.

Sake zama kuma, ki yi lissafi. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, in kin bar gurbin bana ya tafi ke nan, zama na huɗu kuwa ba wanda ya ba ki tabbacinsa. Ko kin samu, lauya shekara biyar ce, ga shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, ga bautar ƙasa, ban da abin da ba a fata, don a 2022 kaɗai ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi wata takwas tana yajin aiki. Turanci shekara huɗu ne. In kin gama har yanzu zuciyarki tana kan lauya, jami'o'i da dama suna ɗaukar mai digiri kai tsaye zuwa aji biyu. A lokacin kina da takarda a hannu, watakila da aikin da za ki biya wa kanki, kuma kin iya abin da lauyoyi da yawa suke fama da shi, wato karanta dogon rubutu a fahimta da rubuta hujja a tsare. Guntun gatarinki ya fi sari ka ba ni.

Yanzu ga tambayar Baba, wadda ita ce uwar tambayoyin, kuma ba tambayar raini ba ce. "Ba shi kike karantawa tun firamare ba?" Tunda tela ne, ki amsa masa da sana'arsa. Kowa yana sa riga tun ranar suna, amma mutum nawa ne suka san yadda ake yanka wuya, ko yadda ake haɗa hammata hannu ya zauna daidai? Turancin firamare da sakandare sa riga ne. Na jami'a warware rigar ne zare-zare, a ga yadda aka yanka, a ga yadda aka haɗa, har mutum ya iya ɗinka tasa kuma ya gyara ta wani.

Karatun rassa biyu ne, harshe da adabi. A ɓangaren harshe za ki yi ilimin furuci da tsarin sauti, ƙirar kalma, ginin jimla, ilimin ma'ana, nazarin salo, da yadda harshe yake walwala a cikin al'umma, har da irin Turancin da mu 'yan Najeriya muka maida namu. A nan ne za ki sami maganin abin da kika kira sarƙewar harshe, don za ki gane ba dakusar ƙwaƙwalwa ba ce, dokar Hausa ce take aiki a bakinki. Hausa wasula biyar gare ta, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye biyu, ai da au. Turancin Ingila kuwa da haruffan wasali biyar ake rubuta shi, amma a baki sautukan wasalinsa sun kai ashirin. Dole kunnen Bahaushe ya haɗe waɗansu kafin a horar da shi. Haka kuma Hausa ba ta son baƙaƙe su yi cunkoso a farkon kalma, sai ta cusa wasali a tsakani. Ta haka muka sami burodi da direba da sukudireba. Kakanninmu da suka ari kalmomin nan ba kuskure suka yi ba, aunawa suka yi suka yanka daidai bakinsu.

Ina tuna ajinmu na farko na furuci. Malamin ya sa kowa ya yago 'yar siririyar takarda ya riƙe ta dab da leɓensa. Ya ce mu ce pan, sannan mu ce fan. A ta farko leɓɓa biyu suke haɗuwa su rufe ruf, iska ta fashe, takardar ta yi tsalle. A ta biyu haƙoran sama ne suke sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta silalo a hankali, takardar ta ɗan karkata kawai. Mu Hausawan ajin takardunmu iri ɗaya suke motsi a duka biyun, saboda mu sauti ɗaya muke da shi a tsakanin waɗannan biyun, shi ya sa ko ka ce fanka ko ka ce panka an gane ka. Wasu suka yi dariya. Malamin bai ce musu komai ba, sai ya koma kan sautukan da suke ba Yarabawa wahala, ya koma kan na Ibo, har kowa ya ji nasa, aji ya yi tsit. Na koma ɗaki da takardata a hannu, kullum da asuba bayan salla sai in zauna gaban madubi ina gwadawa. Kafin zangon ya ƙare bakina ya saba. Abin da na ɗauka aibi ne a jikina, ashe wurin ajiye leɓe ne kawai.

Kuma kada ki sa wa ranki sai kin yi magana ta hanci kamar Baturiya. Ki nemi muryar Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a YouTube ki saurara. Ɗan Bauchi ne, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, da jin sa kin san daga ina ya fito, amma kowace kalma tana fita tas a wurinta, har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Abin nema ke nan, a ji ki sarai kuma a gane.

Ɓangaren adabi shi ne mai nauyin kaya. Zube, waƙa da wasan kwaikwayo, na Afirka da na Ingila da na Amurka da na tsibiran Karebiyan, tun daga Turancin ɗaruruwan shekaru da sai da ƙamus a gefe har zuwa na marubutan da ke raye, ga adabin baka, ga mazhabobin tarke, wato hanyoyin nazari da auna adabi. A zamaninmu kwas ɗaya kan zo da littattafai bakwai ko takwas, kuma ba shi kaɗai ne a zangon ba. Karatun da kike yi a waya na jin daɗi ne, kina bin labari ki ga ƙarshen masoyan. A can za a ce ki tsaya. Wa yake ba da labarin nan? Me ya ɓoye? Don me aka sa wannan kalmar ba waccan ba? In kin ce marubucin yana nufin kaza, ina shaidarki, a wane shafi? Shekara huɗu ana yi miki wannan tambayar har ta zame miki jiki, ki wayi gari ba a iya ruɗarki da zaƙin baki, ko a jarida, ko a takardar yarjejeniya, ko a bakin ɗan siyasa.

Kuma ba karatun waɗanda aka rasa inda za a kai ba ne, kamar yadda ake yi masa kallo. Chinua Achebe da tallafin karatun likita ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Bayan shekara guda ya ajiye ya koma Turanci da tarihi da ilimin addini, tallafin ya suɓuce masa a dalilin haka. Ban ce kowa zai zama shi ba. Ina dai so ki san akwai waɗanda suka bar abin da duniya take rububi suka zo inda aka kawo ki.

Maganar Kawu kada ki yi watsi da ita, tsoron Allah ne da kishinki suka sa ya faɗa. Gaskiya ne za ki haɗu da littattafan da aka rubuta cikin al'adar da ba tamu ba, da labaran gumakan Girkawa, da ishara zuwa Baibul a adabin Ingila, da wuraren da za ki karanta ki ji kunya. Amma karanta abu daban, bin sa daban. A zaurukan malamanmu na ilimi ana karanta waƙoƙin jahiliyya don a ƙware a Larabci, ba wanda ya ce almajirin ya koma jahiliyya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, shi ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa. Nana Asma'u 'yar Shehu da Larabci da Fulatanci da Hausa ta yi rubutu. Abin da yake ɓata yarinya a jami'a, a iya abin da na gani, ba littafin aji ba ne, abokan zama ne da zaman banza, su kuwa suna kowane sashe, har da na lauyan. Ki riƙe sallarki da Islamiyyarki, ki zaɓi ƙawaye, ki kuma riƙa kai wa Kawu gaisuwa yana ganin ki yadda ya san ki. Gani ya kori ji.

Saura batun aiki, kuma a nan ba zan shafa miki zuma a baki ba. Ba ofishin da aka rubuta wa "masu digirin Turanci" a ƙofa, kamar yadda asibiti yake jiran likita. Takardar ita kaɗai ba ta ɗaukar mutum aiki. Wanda ya fito da ita hannu rabbana yakan ƙare a ƙaramar makarantar kuɗi, kuma na san waɗanda abin da suke biya bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Tsoron Baba a nan yake, kuma mutumin da ya ga an rufe masaƙa da idonsa, ya ga magidanta dubbai sun wayi gari ba aiki, yana da dalilin neman wa 'yarsa ta fari abin da yake ganin ba ya rufewa.

Amma ga abin da na daɗe ina lura da shi a Kaduna. Masu takarda sun yi yawa, wanda zai zauna ya rubuta shafi biyu tsaf, ba kuskure, ba kwana-kwana, shi ne ya yi ƙaranci. Wanda kuma zai yi haka da Turanci ya juya ya yi da Hausa, wannan sai an tona. Jarinki ke nan da ba ki san kina da shi ba. Hausar da kike karantawa a waya kina jin kamar ɓata lokaci ne, rabin sana'arki ce.

Wata rana wata maƙwabciyata, mijinta ya rasu, ta shigo min da takardu cikin baƙar leda. Wata da watanni tana zarya a wani ofis kan haƙƙoƙinsa, kullum a ce ta rubuto. Ta je shagon masu kwamfuta an buga mata wasiƙa, na karanta, manyan kalmomi ne jere kamar buhunan ƙaiƙayi, ba lambar fayil, ba ranar da ya fara aiki, ba ma a faɗi abin da take nema ba. Muka zauna a tabarma, ta ba ni labari da Hausa tana share hawaye da gefen hijabi, ina tsayar da ita ina tambaya, wace shekara, wane sashe, wa kika gani, me ya ce. Na rubuta shafi ɗaya, na karanta mata da Hausa jimla-jimla har ta ce haka ne, sannan ta dangwala. Ban ce wasiƙar ce kaɗai ta yi aikin ba, amma daga ita ne aka fara kiranta. A ranar ban tuna sunan ko mazhabar tarke ɗaya ba, amma duk abin da na yi a tabarmar nan, sauraro, tace magana, sanin abin da za a sa gaba da abin da za a zubar, a sashen Turanci na koye shi.

Irin wannan aikin shi ne a ko'ina, suna kawai yake canzawa. Garin nan garin jarida ne da rediyo tun fil azal: gidan rediyon da ya zama Rediyon Tarayya a 1962 aka kafa shi, New Nigerian ta fara fita a 1966, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa a 1939 ta fara fita a Zariya. Sashen Hausa na BBC yana nan tun 1957, ga DW, ga RFI, ga tashoshin FM da jaridun intanet da suka cika gari. Yawancin labarai da Turanci suke isowa ɗakin labarai, wani ne zai maida su Hausa cikin mintuna ba tare da ya karya ma'ana ba. Ƙungiyoyin lafiya da na noma suna buƙatar wanda zai rubuta rahoto da Turanci, ya kuma fassara saƙo yadda matar karkara za ta gane. Kotun da kike so ma tana buƙatar tafinta, don sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a samar masa tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Ga gyaran littattafai da kundayen ɗalibai, ga aikin hulɗa da jama'a, ga aikin gwamnati da na banki da suke ɗaukar mai kowane digiri in sakamakonsa ya yi kyau. Za a ce miki na'ura tana fassara yanzu. Tana yi, ina amfani da ita, kuma kullum sai na bi bayanta da gyara, don takan kawo Hausar da ba Bahaushen da ya taɓa furta ta. Wanda aikinsa bai fi na na'ura ba shi ne zai rasa abin yi. Saboda haka duk kwas ɗin zaɓi da aka ba ki dama, ki leƙa sashen Hausa ki ɗauki fassara da ƙa'idojin rubutu. Ki san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, ki daina rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa.

Allin da Baba ya raina kuma, ni ba zan raina shi ba, na ci abinci da shi, kuma har yau in na shiga asibiti ko banki nakan ji an ce "Malama!" Sardauna ya riƙe alli, Tafawa Ɓalewa ya riƙe, Malam Aminu Kano ya riƙe, Shehu Shagari ya riƙe. Sai dai ki san ƙa'ida: digirin Turanci zalla ba takardar koyarwa ba ce. In kina son koyarwa ta zama sana'a sai kin ƙara difloma ta ilimi, PGDE, sannan ki yi rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, hedikwatarta tana nan Rigachikun a hanyar Zariya, tana yin wannan difloma. Malamin Turanci da ya iya aikinsa ba ya rasa masu nemansa, don ba ɗalibin da zai shiga jami'a ba kiredit a Turanci, iyaye kuwa sun sani.

In kin shiga, aji ɗaya shi ne tushe. A ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, babbar daraja ta biyu daga 3.50, kuma tun jarrabawar farko ake tarawa. Wanda ya yi wasa a shekarar farko yakan ƙare sauran ukun yana cike rami. Ki karanta littafin kansa, kada ki tsaya a taƙaitawar intanet ko 'yan takardun da ake bugawa a bakin get. Aikin gida kuma ki rubuta da kanki. Na san yanzu ana ba ChatGPT tambaya ya zubo amsa, amma ke rubutun shi ne abin da kika je koyo, in kin ba na'ura ta yi miki kamar almajirin tela ne ya kai ɗinkinsa wani shago ya kawo wa maigida. Kuɗin littafi zai yi miki wuya, to ku haɗu ku huɗu ko biyar kowa ya sayi ɗaya ku riƙa musaya, ki san hanyar laburaren jami'a tun makon farko, ki leƙa na titin Bida, in bincikenki ya taɓa tarihin Arewa ga Gidan Arewa a titin Rabah. Ki sami littafin rubutu guda, kullum shafi ɗaya, yau da Turanci gobe da Hausa, wata rana ki ɗauki labarin rediyo ki juya shi. Ki koyi buga kwamfuta da yatsu goma. Kunyar magana kuma ba ta da magani sai magana: ki karanta wa ƙannenki da ƙarfi da daddare, ki ɗaga hannu a aji ko muryarki tana rawa. In lokacin kundin kammalawa ya zo, ki zaɓi abin da ke kusa da ke, kamar yadda matasan Kaduna suke cakuɗa Hausa da Turanci a hira, ko matsalar fassarar labarai. Ba a fafe gora ranar tafiya, kafin ki gama ya kamata a ce kina da rubuce-rubucen da za ki ajiye a gaban mai ɗaukar aiki.

Baba kuma kada ki tunkare shi da gardama, kada kuma ki karɓa a ɓoye ya ji a bakin wani. Ki fara da Umma. Shirun da ta yi ba rashin ra'ayi ba ne, ita ta san lokacin da ake samun kansa. Ki bari ya dawo daga shago, ya ci abinci, ya yi isha. Ki durƙusa ki ce, "Baba, na ji maganarka, kuma na san don ni kake yi." Sannan ki kawo masa lissafi a takarda, don mai sana'a lissafi yake ganewa: shekarun lauya da na Turanci, kuɗin rajista na gaskiya yadda makarantar ta fitar, kuɗin mota, da abin da ke za ki ɗauke masa. Tun yanzu za ki iya tara yaran unguwa biyar ko shida kina yi musu lesin da yamma, ko kuɗin Keke Napep ya fito an rage. Akwai kuma asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024 don ɗaliban manyan makarantun gwamnati, ba ruwa a cikinsa, sai dai bashi bashi ne, ku yi shawara tare kafin ki cike. In ya yi shiru kada ki matsa, ki ba shi kwana biyu, ki yi istihara. In da wani malami ko aminin da yake jin maganarsa, Umma ta san shi. Albarkarsa kike nema, ba rinjaye ba.

Sai dai kada kwana biyun su zama wata guda, don karɓar gurbi tana da wa'adi. Da zarar ya amince ki shiga shafin CAPS na JAMB ki danna karɓa da hannunki, kada ki ba kowa lambobin sirrinki, ki tabbatar sakamakonki na WAEC yana kai, ki buga takardar shaidar gurbin ki adana kwafi biyu. In kin gama zangon farko ki sake rubuto min, ki haɗo da shafi ɗaya na labarin nan da kike ɓoyewa, ina so in karanta. Ki gaida min Umma. Allah ya yi miki albarka, ya sa Baba ya ci moriyar karatun nan da ransa da lafiyarsa.